Taƙi Ɗaya na Jan Ƙarfe

Kwanana uku a Dubai na tabbatar cewa kamfanin jiragen saman da ejan da ya shirya mini tafiyar ya ce yana jirana babu shi a doron ƙasa. Na bi adireshin da ya rubuta mini, sai ga ni tsaye a ƙofar shagon labule a unguwar Satwa, wani Ba'indiye yana tambayata yadi nawa nake so. Lambar ejan kuwa ta mutu murus. Ni Nafi'u, da a kasuwar waya a Kano ake ce mini Injiniya, ake layi a gaban teburina, na zauna a bakin titi da jakata a cinya, na rasa wanda zan zaga. Kaina na zaga.

A masallaci na haɗu da Baba Fuseini, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, mai gyaran tandun gidajen burodi. Ya ji ina waya da Hausa, ya jira na gama, ya kira ni da Cale, wato aboki a bakin mutanen Kumasi, ya ce, “Cale, fuskarka ta nuna an cuce ka. Ka ci abinci?” Shi ya samo mini gado a ɗakinsu. Mu takwas ne, gadaje masu hawa biyu, ni a sama, hancina dab da silin. Shi kuma ya kai ni kasuwar Sabkha wurin masu ɗaure kaya, na shiga naɗe kwalaye da salatif ina tura su a baro zuwa kago, inda ake aika kaya ƙasashen waje. Abin da ya fi kayan nauyi shi ne 'yan kasuwar Kano da ke zuwa sari. In na hango wanda ya san ni, sai in ja hula in shige bayan kwali. Inna kuma duk ranar Juma'a sai ta kira ta ce in nuna mata jirgin da nake gyarawa, ni kuma in ce an hana ɗaukar hoto. Na yi mata wannan ƙaryar har wata huɗu.

Wata rana aka aike ni da kaya Al Quoz, unguwar manyan ɗakunan ajiya da garejoji. Ƙofar ɗakin da ke maƙwabtaka da inda na sauke kayan a buɗe take, na leƙa. Jirage ne guda uku, ƙanana, kowanne bai fi a zauna mutum biyu ba, ɗaya ma ko fiffike babu. Wani tsoho ɗan Filifin yana zaune a cikin ɗaya yana masifa shi kaɗai, domin allon da ke gabansa yana kawowa yana ɗaukewa. Karambani dai halina ne tun ina yaro. Na matsa na ce ya ba ni fitila. Na zare filogin bayan allon, na ga wani siririn fil ya lanƙwashe, na miƙe shi da hantsaki, allo ya kawo tar. Tsohon ya dube ni, ya dubi baron da na bari a waje, ya ce, “Kai wane ne?”

Sunansa Injiniya Danilo, shi ne mai wurin. Ya ɗauke ni gwajin wata uku, in na tsallake ya yi mini bizar aiki. Wallahi ranar da ƙafa na yi rabin hanyar Satwa don murna, ban ji zafin rana ba.

Jiragen nan ba kamfani ke ƙera su ba. Mutum ne zai sayi kayan a cikin akwatuna, ya yi shekaru yana haɗawa da hannunsa, hukuma ta duba, sannan ya hau abinsa. Aikinmu shi ne allon da ke gaban matuƙi. Da can agoguna ne birjik, yanzu allo ɗaya ne, bai kai faɗin faranti ba. Ɓangare guda yana nuna gudu da nisan jirgi daga ƙasa da karkatarsa. Ɗaya ɓangaren na inji ne: mai, da ƙarfin baƙin mai, da zafin silinda huɗu, kowace da sandarta. Kore lafiya lau. Rawaya a yi hattara. Ja kuwa, allo ya yi ƙara a kunnen matuƙi, ya nemi ƙasa. Mutum yana sama ba ya ganin injinsa, ba shi da gefen titi da zai tsaya ya buɗe murfi. Abin da allo ya faɗa masa, shi ne kawai ya sani.

Danilo yana da doka ɗaya, kullum sai ya maimaita. “Ban da dabara. In ba ka sani ba, ka tambaya. In ka ɓata, ka faɗa.” Nakan ce to, amma a raina dariya nake. A inda na fito, dabara ita ce sana'ar. Wanda ya ce wa mai kaya a jira a yi odar sabo daga waje, ai ya kori kansa daga kasuwa. Mu ne masu ciro abu daga matacciyar waya mu tayar da wata, a tafa mana.

Jirgin da aka ba ni na Dakta Usman ne, likitan haƙori ɗan Sudan, mai furfura, shekararsa shida yana haɗa shi. Ranar da ya ji ni Bahaushe ne sai da ya ajiye sufana ya rungume ni. Ashe kakarsa Bahaushiya ce, cikin waɗanda suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan. Hausarsa ba ta wuce kalma ashirin ba, amma kullum sai ya kashe su a kaina. “Sannu, ɗan kakata. Ina gajiya?” Matarsa Hajiya Amna takan aiko da abinci ranar Asabar, kwano biyu, ɗaya da sunana. Ranar da na buɗe na ga miyar kuɓewa busasshiya, fita na yi bayan ɗakin, don kada Danilo ya ga idona.

To, ga abin da na yi.

Daga kan kowace silinda akwai waya mai jin zafi, takan bi bayan inji ta ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi, ta shiga akwatin allo. Ranar da zan ja su Danilo ya tafi tashar jiragen ruwa karɓo kaya. Na auna da ido, don a ganina na wuce tsayawa da tef. Na haɗa huɗun na datse lokaci guda. Da na zo ja, sai suka gaza. Taƙi ɗaya cif suka rage su kai. Na ja, na sake hanya, na ja, ina! Sababbi sai an yi oda daga waje, ga shi an riga an sa ranar da mai duba jirgi zai zo, ga gwajina saura wata ɗaya.

Sai na yi abin da kowane ɗan kasuwarmu zai yi. Na ɗauko wayar jan ƙarfe mai kyau, na yanko taƙi-taƙi guda huɗu, na haɗa a bayan inji. Kuma ba haɗin gaggawa ba. Na kankare, na nannaɗe, na like da dalma har yana sheƙi, na sa robar da ke matsewa, na zura duka cikin rigar kare wuta, na ɗaure. Ko ni da na yi, sai na lalubo da yatsa nake gane wurin. Na kunna allo, sanduna huɗu suka tashi daidai wa daida. Na ce da kaina, Nafi'u, kai ba dama ne.

Aka ɗora jirgi a tirela aka kai shi wani ƙaramin fili a cikin sahara, tafiyar sama da awa ɗaya daga gari. Na bi su sau biyu. Aka tayar da inji a ƙasa, murfi a buɗe, komai kore. Mai duba jirgi ya zagaya ya sa hannu. Aka sa tashin farko ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, kafin rana ta yi zafi. Danilo ya ce ba na cikin masu zuwa, ba ya son taro a tashin farko. Ban damu ba. Saura kwana tara gwajina ya cika, har ya karɓi fasfona ya yi hotonsa.

Asabar ɗin, bayan sallar asuba, muka zauna da Baba Fuseini a shagon shayin da ke ƙasan gidanmu. Gari ya fara wayewa. Yana ba ni labarin wani tandu da ya ƙona burodin mutane, ni kuma bakina da ba ya iya riƙe abin alfahari, na ce ai ni ma na yi wani aiki da ko mai duba jirgi bai gano ba. Na kwashe labari na ba shi, har ina gwada taƙin da hannu.

Ya ajiye kofinsa a hankali.

“Da wace waya ka ƙara?”

“Jan ƙarfe, Baba. Mai tsada ma.”

“A ina haɗin yake? Cikin ɗakin inji ko wajen matuƙi?”

“Bayan inji.”

“Inna lillahi. Cale, ka kashe mutum.”

Na yi dariya, amma dariyar ba ta fito daidai ba. Ya jawo takardar goge hannu ya zana mini da biro. Ya ce irin wayar nan ita ce a tandunsa, ba wuta kawai take ɗauka ba, ƙarfen jikinta ne ke yin awon. In ka yanke ka ƙara da jan ƙarfe, awo ya tsaya a wurin haɗin. Duk zafin da wurin haɗin ya ɗauka fiye da wajen allo, sai an cire shi daga lissafi. Na ce ai mun gwada, kore ne. Ya ce, “Murfi a buɗe kuka gwada, iska tana dukan wurin. Rufe murfi, a taka wuta a hau sama cikin zafin ƙasar nan, ka gani. Inji zai dinga dahuwa, allonka yana ce wa mutum lafiya lau.”

Ƙarfe shida da kwata. Na kira Danilo, tana ta ringin ba a ɗauka. Sai na tuna ranar tashi yakan kulle wayoyin kowa a mota, wai kada hankali ya rabu. Na kira Dakta, a kashe. Na tura saƙo ga su biyun, babu wanda ya buɗe. Ba ni da lambar filin.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A daidai lokacin wata murya ta ce mini: ka kira, ba su ɗauka ba, ka fita haƙƙi. Wataƙila injin ba zai yi zafi ba. Ya zagaya sau biyu ya sauka, ran Litinin ka lallaɓa ka san dabarar da za ka yi. In ka je ka faɗa, biza ta tafi, ka koma baro. Har na fara cewa, “Baba, wataƙila fa...”

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya miƙe ya zaro makullin motar kamfaninsu. Yana da kiran gyara ƙarfe bakwai, na san in bai je ba shi ma sai ya sha faɗa. Ya ce, “Yalla, mu tafi. Mutumin da matarsa ke ba ka abinci? Tashi, kafin in raina ka.”

Ban taɓa ganin hanya mai tsawon wannan ba. Muka fita daga dogayen gine-gine, muka wuce rumbunan ajiya, sai yashi da shingen raƙuma hagu da dama. Baba Fuseini kuma ya kafe allurar gudu a kan ƙa'ida, ko ɗigo ba ya ƙarawa.

“Baba, don girman Allah ka taka!”

“Kyamara kowane lungu. In 'yan sanda suka tsayar da mu, wa zai kai ka? Yi salati ka bar ni in tuƙa.”

Ina salati ina duban agogo. Bakwai. Bakwai da kwata. Rabin zuciyata na roƙon mu isa, ɗaya rabin, Allah Ya yafe mini, tana fatan taya ta fashe don a ce ba laifina ba ne. Muka ɓata mararraba ɗaya, sai da muka yi tafiya mai nisa kafin mu sami wurin juyawa. A nan na daki gaban motar da hannu har yatsana ya kumbura, Baba bai ko kalle ni ba.

Takwas saura minti biyar muka isa ƙofa. Mai gadi ya tsaya neman sunana a takardar makon jiya, yana bin layi da yatsa kamar mai koyon karatu. Daga nan ina jin ƙugin inji. Yana cewa ga shi, na kwasa da gudu.

Jirgin ya riga ya bar rumfa, yana can ƙarshen titinsa, fari, ƙarami, farfela tana juyawa. Danilo yana tsaye a bakin rumfa da rediyon hannu. Kusa da shi Hajiya Amna ce a kan kujerar roba, carbi a hannu, kwandon abinci a gefenta. Tana ganina ta yi murmushi ta ce, “Nafi'u! Ka zo ganin ɗan'uwanka? Madalla.” Ta miƙo mini dabino.

Na yi tafiyar awa ɗaya da rabi don in faɗi magana ɗaya, ga ni a wurin, harshena ya ƙi. Danilo ya haɗe rai ya ce, “Me ya kawo ka? Na ce ba na son taro.” Rediyo ta yi ƙara, muryar Dakta ta fito, cikin nishaɗi, yana cewa komai kore, ya shirya. Danilo ya ɗaga rediyon zuwa bakinsa.

Na riƙe masa hannu. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar.

“Kada ya tashi. Allon ƙarya yake yi. Na datse wayoyin zafi sun gaza, na ƙara da jan ƙarfe, duka huɗun, na ɓoye a cikin riga.”

Ya dube ni, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Can ƙarshen fili ƙugin injin ya fara hawa. Danilo ya danna rediyo ya ce, “Usman, rage wuta. Kada ka tashi. Rage wuta, ka dawo.” Babu amsa. Ƙugin ya ci gaba, jirgin ya fara gangarowa. Ya sake faɗa, wannan karon da tsawa. Hajiya Amna ta miƙe tsaye, dabinon ya zube a ƙasa. Sai ƙarar ta faɗi, jirgin ya rage gudu, ya wuce ta gabanmu a kan tayoyinsa uku, ya juyo.

Da aka kashe inji Danilo bai bari a ɓata lokaci ba. Ya sa Dakta ya karanto abin da allo ke nunawa, ya cire murfi, ya auna kan silinda da na'urar auna zafi ta hannu. Tafiyar ƙasa kawai jirgin ya yi, amma tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta isa ta tabbatar da maganata. Ya miƙo mini almakashi ya ce, “Buɗe da hannunka.” Na tsaga rigar a gaban kowa. Ga haɗina huɗu, a jere, tsaf-tsaf.

Ya juya su a tafin hannunsa ya ce, “Aiki mai kyau. Shi ya sa ban gani ba. Da mummuna ne da na kama shi tun a Al Quoz.” Sannan ya ce, “Da ranar ka faɗa mini, faɗa zan yi maka, mu jira mako biyu. Yanzu duk wayar da ka taɓa a jirgin nan sai na buɗe ta. Kalas, shi ke nan, Nafi'u. Ka zo Litinin ka kwashi kayanka.”

Ban roƙe shi ba, don ba ni da bakin roƙo. Korar ma ba ita ta fi ci mini rai ba. Dakta Usman ne. Ya sauko, ya cire abin kunnensa, ya je ya zauna a ƙasa a inuwar fiffike, matarsa ta dafa kafaɗarsa. Na matsa na durƙusa na ce, “Dakta, ka yafe mini.” Bai ɗago ba. Ko kalma ɗaya cikin ashirin ɗinsa bai ba ni ba. Na tashi na koma mota, Baba Fuseini ya miƙo mini ruwa, muka kamo hanya.

Na koma Sabkha, na koma baro. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Inna ta kira, na juya mata kyamara ta ga kwalaye da salatif, na faɗa mata komai tun daga shagon labule. Ta ce, “To ai ka huta da ɓoyo.” Na daina jan hula in na ga 'yan Kano. Amma zuciyata ba ta huta ba, domin kullum ina tambayar kaina ko Baba Fuseini ya zuzuta abin ne, ko da na yi shiru da yanzu ina da biza kuma babu abin da ya sami kowa. Wannan tunanin ya fi mako uku yana cina.

Wata Laraba da la'asar ina ɗaure kwali a bakin wani shago, na ji an ce, “Sannu. Ina gajiya?”

Dakta ne, da rigar asibiti a hannu, gumi ya jiƙa shi. Ashe wurin Danilo ya karɓi lambar Baba Fuseini, shi ya kwatanta masa inda nake. Na rasa inda zan sa idona. Ya zauna a kan kwalin da nake ɗaurewa, ya ciro waya, ya ce in duba.

Hoton allon ne, Danilo ya ciro shi daga ma'ajiyar na'urar bayan an sauka. Dakta ya ce an sa sababbin wayoyi, ya tashi ranar Asabar da ta wuce. Minti huɗu da barin ƙasa, yana cikin hawa, allo ya yi ƙara a kunnensa. Ya rage wuta, ya juyo, ya sauka lafiya. Da aka bincika, ashe farantin da ke karkatar da iska zuwa silindar baya bai zauna daidai ba, kuma shi da kansa ya ɗaura shi shekara biyu da suka wuce. “Kuskurena ne, ba naka ba,” in ji shi. “Amma da wayoyinka ne a ciki, da ban ji komai ba. Da na ci gaba da hawa, na miƙa cikin sahara.”

Na ce, “Danilo zai mayar da ni?”

“Na roƙe shi sau biyu. Ya ce a'a.”

Na gyaɗa kai. Ban yi mamaki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Dakta ya ajiye wata leda a kan baro, kwano ne a ciki, da sunana a murfin da rubutun Hajiya Amna. Ya ce, “Na yi fushi da kai ƙwarai, ɗan kakata. Har yanzu da saura. Amma ka zo.”

Na ce ya sake ba ni wayar. Na buɗe hoton da yatsu biyu. Sanduna uku rawaya, ta huɗun, ta silindar baya, ta haye har sama, ja wur. Kusan wata uku na yi a Al Quoz ina addu'ar kada in taɓa ganin wannan launin a allon da na haɗa. Na tsaya a tsakiyar Sabkha, masu baro suna ce mini in ba su hanya, ina kallon jan nan ina hawaye, ina cewa alhamdu lillahi.